Kango, Kududdufi da Badala: Yadda Daɗewa Ke Mayar da Aro Mallaka a Birnin Kano

Gabatarwa

A farkon shekarar 1824, a zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846), matafiyin nan ɗan Birtaniya Hugh Clapperton ya shiga Kano. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin da kimanin mil 15, ya kuma lura cewa abin da gidaje suka ci daga filin da ganuwar ta kewaye bai wuce kashi ɗaya bisa huɗu ba. Saura duk gonaki ne da lambuna da fadama. Haka Heinrich Barth ya tarar da birnin a 1851: unguwanni a cunkushe ta kudu da gabashin Dala, sannan sarari mai faɗi har zuwa gindin badala. Wanda ya hau Dala a yau ya duba, da wuya ya ga inda zai ɗaure jaki.

Wani ɓangare na wannan sarari hukuma ce ta yanka ta raba. Amma mai yawa daga cikinsa ya tafi ne a hankali, taku bayan taku, ta hannun mutanen da suka fara da shimfiɗa tabarma a wurin da suka ga ba kowa, suka ƙare da aza harsashi. Wannan maƙala ta bi sawun yadda hakan ke faruwa, ta kuma duba abin da fiƙihun Malikiyya, wanda da shi alƙalan ƙasar Kano suka yi ƙarnoni suna hukunci, ya ce game da matsayin daɗewa a kan ƙasar da aka bari.

Ƙasar da Aka Bari

Hausa ba ta haɗa wuraren da aka bari a suna ɗaya ba. Gidan da masu shi suka tashi, rufinsa ya zube, shi ne kango. Garin da aka watse aka bari, sai kukoki da tsofaffin rijiyoyi da ramukan marina, shi ne kufai. Gonar da aka huta da nomanta ita ce saura. Ramin da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, ruwan sama ya taru a ciki, shi ne kududdufi. Wurin zuba shara kuma juji ne ko bola. Kowane suna yana ɗauke da labarin wanda ya taɓa amfani da wurin, kuma a nan ne ya bambanta da daji, wanda ba a san hannun kowa a kansa ba.

Tarihi bai taɓa gajiya da samar da irin waɗannan wurare a ƙasar Kano ba. Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa waɗanda suka yi sansani a Takai, ya tashi gidaje a birni da garuruwan gabas. Yunwar 1914 ta kori mutane daga ƙauyuka. Tashin hankalin 1966 ya bar gidajen Sabon Gari babu masu su. Durƙushewar masana'antu daga tsakiyar shekarun 1980 ta haifar da sabon nau'in kango a Bompai da Sharaɗa da Challawa, mai katangar bulo da ƙofar ƙarfe. Amma mafi girman kangon da Kano ta taɓa samu ita ce ganuwarta.

Littafin Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu (1095–1134), da faɗaɗa ta ga Muhammadu Rumfa (1463–1499) da Muhammadu Nazaki (1618–1623). Manyan garuruwan ƙasar ma, irin su Gaya, wadda al'ada ta ce daga cikinta Abagayawa maƙera suka taso zuwa Dala neman tama, kowanne da ganuwarsa. Ginin ƙasa kuwa yana rayuwa ne da yaɓe. Muddin ana tsoron hari, to bayan kowace damina sai an tara jama'a an gyara inda ruwa ya ci. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka shiga Kano, kuma daga ranar ganuwa ta rasa aikin da aka gina ta dominsa. Ba wanda ya ba da umarnin rushe ta. An dai daina gyaranta, damina ta yi nata aikin, mai neman ƙasar yaɓe ya zo da mangala ya ɗiba, mai gaggawa ya haura ta inda ta yi ƙasa maimakon ya zagaya ta ƙofa. Sunaye irin su Hauren Shanu da Hauren Wanki suna nan suna shaidar abin da aka riƙa yi a waɗannan wurare, har sunan aikin ya zama sunan unguwa.

Rani da Damina

Kafin a kai ga shekaru, akwai ƙaramin zagaye na lokaci wanda shi ne ke fara raba fili tsakanin masu amfani da shi. Kududdufi ya fi kowane wuri nuna wannan. Birnin da aka gina da jar ƙasa dole ne ya haƙa rami daidai da tsawon katangunsa, saboda haka kusan kowace tsohuwar unguwa a Kano tana da nata. Da damina ruwan indararo da na lunguna yana gangarawa cikinsa, ya zama wurin wanki da shayar da dabbobi da kiwon agwagi da kamun tarwaɗa, ya kuma zama gidan sauro, wani lokaci har ya ci yaro. Da kaka ruwa ya fara ja, sai masu lambu su bi gefensa da salak da alayyafo. Da bazara, idan ya ƙafe, magina su sauka su kwaɓa ƙasa su jera tubali, yara su mayar da tsakiyarsa filin wasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke iya cewa wurin nasa ne, domin ruwa zai dawo ya tashe shi. Damina ce mai unguwar kududdufi, ita ke sallamar kowa a kan lokaci.

Ci-rani ma a kan wannan zagaye yake tafiya. Idan an gama girbi a ƙasar Gaya da Ajingi da garuruwa irin su Gafasa, kamar sauran sassan karkarar Kano, majiya ƙarfi kan nufi birni neman kuɗin rani, malaman allo kuma su taso da almajiransu. Masaukinsu sau da yawa shi ne zauren da ba a kwana a ciki, ko kangon da mai unguwa ya yi musu izini, ko gindin badala inda za a kafa bukkar kara a hura wutar karatun dare. Gardawa masu neman kaɗaici domin tilawa kan fita bayan gari su yi kiskadi. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai a naɗe buzu a koma gona. Irin wannan zama bai taɓa zama barazana ga mai kango ba. Hasali ma yakan yi murna da shi, domin wurin da ake karatun Alƙur'ani ba ya zama maɓoyar ɓarayi ko makewayin unguwa, ga kuma ladan da yake fata.

Matsala tana farawa ne daga shekarar da baƙo bai koma ba. Malami ya bar iyalinsa a wurin, ko mai tebur ya ga ciniki ya fi noma. Zana ta koma langa-langa, langa-langa ta koma bulo. Haka masallatan bakin hanya da yawa suka samu: duwatsu aka fara jerawa domin a nuna alƙibla, aka zuba yashi, aka kafa rumfa saboda rana, wani mai hali ya kawo siminti domin neman lada. Bayan shekara ashirin babu mai ƙarfin halin tambayar wane ne ya ba da filin.

Kududdufan ma ta wannan hanya suka tafi, sai dai su shara ce ta cinye su. A da sharar birni dukiya ce. Binciken Michael Mortimore a karkarar Kano cikin shekarun 1960 ya nuna yadda jakuna ke shigo da itace birni, su fita da taki zuwa gonakin kewaye. Ba a daina kwasar ba har yau, amma birni ya ninka kansa sau da yawa, sharar kuma ta cika da leda da roba waɗanda gona ba ta ci. Abin da ba a kwashe ba bakin kududdufi yake tafiya. Juji ya taru ya danne, ya yi tauri, wanda gidansa ke kusa ya matsa da katangarsa taku biyu, na kusa da shi ya ga ba a ce komai ba.

Abin da Fiƙihu Ya Ce

Asalin babin raya matacciyar ƙasa hadisi ne da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ma'anarsa ita ce duk wanda ya raya ƙasar da ta mutu ta zama tasa, kuma wanda ya dasa a kan zalunci ba shi da haƙƙi. Sayyidina Umar (Allah Ya ƙara masa yarda) ya karɓe wani ɓangare na ƙasar Aƙiƙ daga Bilal ɗan Haris al-Muzani saboda ya kasa raya ta. Tun daga farko ke nan Shari'a ba ta son a riƙe ƙasa a bar ta zaune. A ƙasar Hausa, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo (Allah Ya ji ƙansa) ya keɓe wa mas'alar littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da matacciyar ƙasa, abin da ke nuna cewa tambayar ta taso wa jagororin jihadi da kansu.

Malikiyya sun ba lokaci wani matsayi da sauran mazhabobi ba su ba shi ba. A wurinsu, wanda ya mallaki ƙasa ta hanyar raya ta, sannan ya bar ta har alamun aikinsa suka shafe, zamani ya yi tsawo, wani ya zo ya raya ta, to ta zama ta na biyun. Amma idan na farkon saye ya yi, ko aka ba shi kyauta daga wanda ya mallaka, shafewar gini ba ta fitar da ita daga hannunsa. Wannan ya dace da kufai da saura a karkara. Kangon birni kuwa kusan kullum yana da magada, ko da sun watsu, kuma idan babu magaji baitulmali ne ke gado. Shi ya sa rigimar kango ba ta cika shiga babin raya ƙasa ba. Babin hauzi take shiga.

Hukuncin hauzi sananne ne ga duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ko Mukhtasar na Shaihu Khalil ko Tuhfa ta Ibnu Asim. Idan bare ya riƙe gida ko fili shekara 10 yana tasarrufi irin na mai abu, yana rushewa yana ginawa, yana danganta shi ga kansa, alhali wanda ke da'awar wurin yana nan, yana gani, bai yi magana ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba za a saurari ƙararsa ba bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo nesa, domin an san 'yan'uwa da kawaici. Tsakanin uba da ɗa kuwa sai idan zamani ya yi tsawon da shaidu za su ƙare, sanin asalin abin ya yanke.

Sharuɗɗan nan sun cancanci a tsaya a kansu, domin a nan ne mutane suka fi kuskure. Malamai, ciki har da Ibnu Rushd kaka, sun bayyana cewa daɗewa ita kaɗai ba ta ciratar da mallaka daga wani zuwa wani. Alama ce kawai da ke nuna cewa mallakar ta riga ta cirata ta wata halastacciyar hanya, tunda a al'ada mutum ba ya kallon ana gini a cikin dukiyarsa shekara goma ya yi shiru. Shirun ne hujja. Don haka idan shirun yana da wani dalili, kamar tsoron mai iko, ko ƙuruciya, ko rashin sani, ko nisan tafiya, hujjar ta faɗi. Mutanen da suka bar gidajensu a Sabon Gari a 1966 ba shiru suka yi ba, tsira suka yi da rayukansu, kuma abin a yaba ne cewa da yawa daga cikinsu sun karɓi gidajensu bayan yaƙi ya ƙare a 1970. Haka nan idan mai ƙara ya kawo shaidar cewa shi ne ya saukar da mutumin, aro ya ba shi ko haya, to ko shekara nawa ya yi ba ta amfane shi ba. Bahaushe ya riga ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Sai dai abin da littafi ya rufe, rayuwa takan buɗe shi ta baya. Aron kango a ƙasar Hausa da baki ake yin sa, a zaure, gaban mai unguwa da dattawa biyu ko uku. Kunya ba ta barin mai wuri ya ce wa malami ya sa hannu a takarda. Shekara talatin ta isa ta ɗauke mai wurin da malamin da mai unguwar da dattawan. Waɗanda za su tsaya gaban alƙali jikoki ne: ɗaya yana cewa kakansa ne ya ba da aro, ɗaya yana cewa a nan aka yanke masa cibiya, kuma duk su biyun gaskiyar abin da suka sani suke faɗa. Daɗewa ba ta sauya hukuncin aro ba, shaidunsa ta binne.

Haƙƙin da Ba Shi da Mai Ƙara

Game da kududdufi da badala, mas'alar ta fi wannan nauyi. Daga cikin ayyukan da Khalil ya lissafa a matsayin raya ƙasa akwai kawar da ruwa daga wurin da ruwa ya rufe, da daidaita ƙasa, da gini. Wanda ya cike kududdufi yana iya cewa, da zuciya ɗaya, shi matacciyar ƙasa ya raya, ya kuma raba unguwa da sauro da wari. A zahiri maganarsa tana da fuska.

Amma babin da ya ba shi wannan hujja shi ne kuma ya karɓe ta. Matacciyar ƙasa a wurin Malikiyya ita ce wadda babu haƙƙin kowa a kanta, kuma daga cikin haƙƙoƙin akwai harimi, wato abin da gari ko rijiya ko gida ba ya wadatuwa sai da shi. Harimin gari ya haɗa da wurin itace da makiyaya. Harimin gida kuwa an ambaci wurin zuba ƙasa da inda ruwan indararo ke zuba. Kududdufi, in an duba, shi ne mazubar indararon unguwa gaba ɗaya. Bai mutu ba, aikinsa yake yi wata uku ko huɗu a shekara, sauran watannin yana jira. Wanda ya gan shi a watan Maris ya ce ba shi da amfani, bai tambayi watan Agusta ba. Bugu da ƙari, abin da ke kusa da gari ba a raya shi sai da izinin shugaba, shugaba kuma ba ya izini da abin da zai cutar da jama'a. Ruwan da aka hana masauki yakan nemi wani, kuma yawanci ɗakin ƙasar talakan da ke gangare yake samu. Ko rafin Jakara, wanda Kasuwar Kurmi ta kafu a gefensa tun zamanin Rumfa, an fara aikin rufe shi da titi a wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011–2015), saboda ya riga ya koma magudanar ƙazanta.

Fiƙihu ya kuma bambanta zama da gini. An yarda masu ƙaramin ciniki su zauna a farfajiyar gidaje idan abin bai yi yawa ba, kuma wanda ya riga zuwa shi ya fi cancanta da wurin, kamar yadda yake a sahun masallaci. Amma gini a kan hanyar jama'a hukuncinsa rushewa ne ko da bai cutar ba. Masu sharhi sun ƙara da cewa hauzi ba ya aiki a kan hanya ko waƙafi komai tsawon zamani. Hikimar a fili take. Hauzi ya dogara ne a kan shirun mai abu, abin jama'a kuwa kowa na ganin wani ne zai yi magana. Maƙwabci yana jin nauyin maƙwabci, mai unguwa yana gudun baƙin jini, idan kuma ginin masallaci ne ko makaranta, to bakin kowa ya mutu. Ba a nan ake samun shirun da ke nuna yarda ba.

Kano ta taɓa biyan wannan shiru da tsada. Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda Sarki Muhammadu Sanusi ya kora a 1962 ya kuma dawo daga baya, ya yi shekaru yana faɗaɗa zamansa a 'Yan Awaki, mabiyansa suna ƙaruwa, maƙwabta suna tsoron kai ƙara. Sai a watan Nuwamba 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa da takardar wa'adi. A watan Disamba aka yi faɗan da kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ce ya ci rayuka 4,177. Aƙida ce tushen fitinar, amma ta sami wurin zama ne a filin da aka daɗe ana kawar da kai daga gare shi.

Zamanin Takarda

A farkon mulkin Turawa majalisar Sarki ce ke sauraron rigingimun ƙasa, kamar yadda bayanan shari'ar Sarki Abbas (1903–1919) na shekarun 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya nazarta, suka nuna. Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, dokar 1962 ta bi sawunta, sannan dokar 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Daga nan hujja mafi ƙarfi a kan filin birni ta zama takardar shaidar mallaka. Wannan ya juya lissafin lokaci. Mai teburin da ya shekara talatin a gindin badala ana iya tashinsa da safe ɗaya, wanda kuma bai taɓa taka wurin ba yana iya zuwa da takarda ya kafa shaguna cikin wata shida. An ayyana ganuwar Kano a matsayin kayan tarihi na ƙasa, an kuma sa ta a jerin farko na UNESCO a 2007, amma hakan bai hana gine-gine hawa kanta ba, na masu takarda da na marasa ita.

Filin Idi na Ƙofar Mata ya tattara mas'alar a wuri ɗaya. Fili ne da ake buƙatarsa gaba ɗaya safiya biyu a shekara, ranar ƙaramar salla da ranar babba, sauran kwanakin kuma yana kwance kusa da manyan kasuwannin birni. Shekara da shekaru masu ƙananan sana'o'i suna raɓawa a gefensa, irin zaman da fiƙihu ya yi rangwame a kansa, domin ana iya naɗe shi a daren salla. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka ba da izinin gina shaguna a jikinsa. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka rushe su, bisa hujjar cewa filin na jama'a ne. Masu shagunan suka tafi kotu da takardunsu, kuma a watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jiha ta biya su diyyar naira biliyan 30. Tun kafin a kai ga kotun, ƙurar rusau ba ta gama kwantawa ba matasa suka shiga ɓaraguzan da guduma da baro, suna fasa kankare suna zare rodi zuwa wurin masu awon ƙarfe.